Gyaran Tsaga da Fito da Sheƙi a Fallayen Duwatsun Ado: Matakan Aiki da Kalmominsa a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda masu sha'awar sarrafa duwatsun ado suke goge fallen dutsen da ya tsage har ya yi sheƙi. An bi matakan aikin tun daga gano tsaga, zuwa yanke shawara a kanta, zuwa gurzawa da gogewa. An dogara da abin da aka rubuta game da wannan aiki a Amurka da Jamus da Indiya da Ilori, sannan aka auna shi da kalmomin da sana'o'in Hausawa na gargajiya suka tanada. Maƙalar ta gano cewa makomar falle tana rataye ne a kan matakin da aka ɗauka game da tsagarsa tun kafin a fara gogewa, kuma Hausa tana da mafi yawan kalmomin da ake buƙata domin koyar da wannan fanni, sai dai suna warwatse a bakin maƙera da magina tukwane da mabuga da 'yan gyartai.

Fitilun kalmomi: duwatsun ado, falle, tsaga, gurzawa, sheƙi, tsakiya

1.0 Gabatarwa

Sarrafa duwatsun ado tsohuwar sana'a ce, amma mayar da ita abin sha'awa da mutum zai yi a gidansa bayan ya tashi daga aiki ya bunƙasa ne a Amurka a ƙarni na 20. A shekarar 1947 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin masu sha'awar ma'adinai ta ƙasar, a shekarar kuma aka fara buga mujallar Lapidary Journal. Baje kolin duwatsu na birnin Tucson da ke jihar Arizona, wanda aka fara a 1955, yana cikin mafi girma a duniya a yau. Mai wannan sha'awa yakan sayi dutse ko ya tsinto shi, ya yanka shi da zarto mai bakin daimon zuwa fallaye masu kaurin kimanin milimita 6, sannan ya goge fuskar falle domin zanen da ke cikin dutsen ya bayyana.

Babbar matsalar da take fuskantar mai wannan aiki ita ce tsaga. Da wuya a yanka dutse a sami dukkan fallayensa lafiyayyu. Wanda bai san halin tsaga ba yakan ɓata kwanaki yana gurza falle, sai a matakin ƙarshe ya ga fuskar ta cika da ƙarce, ko fallen ya dare gida biyu a hannunsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilan hakan da hanyoyin kauce masa, cikin Hausar da ɗalibi da mai sana'a za su iya ɗauka.

2.0 Bahaushe da Duwatsun Ado

Bahaushe ya daɗe da sanin dutsen ado a matsayin haja da abin kwalliya. Tsakiya, wato dutsen wuya da ake yi da aƙiƙ, tana cikin kayan adon mata na da. Wasu sunayen kuwa, irin su yakutu da zumurrudu da murjani da lu'ulu'u, sun shigo Hausa ne daga Larabci ta hanyar karatu da fatauci.

Wurare uku sun yi fice wajen samar da irin waɗannan duwatsu ga kasuwannin Afirka ta Yamma. Na farko shi ne Kambat a jihar Gujarat ta Indiya, inda ake shanya aƙiƙ a rana, sannan a gasa shi cikin tukwane domin launinsa ya koma ja. Karin maganar da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ta zama zahiri a can, domin duk wanda ya gaggauta wuta sai dutsen ya farfashe. Na biyu shi ne Idar-Oberstein a Jamus, inda a da ruwan rafi yake juya manyan duwatsun washi, ma'aikata kuma suna kwance rub da ciki suna danna aƙiƙ a jikinsu. Da aƙiƙin yankin ya yi ƙaranci, sai suka koma shigo da na kudancin Birazil a farkon rabin ƙarni na 19, suka kuma riƙa ƙera kayan ado musamman domin kasuwar Afirka, ciki har da talhatana da aka sani a wuyan Buzaye. Na uku shi ne Ilori, wadda ta gaji sana'ar dutsen lantana daga tsohuwar Oyo. Daniel (1937) da O'Hear (1986) sun yi bayanin wannan sana'a, kuma a da fatake Hausawa ne suke kawo ɗanyen dutsen daga yankin kogin Kwara da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu.

Ke nan rawar Bahaushe ta fi ƙarfi wajen safara da sayarwa da sakawa, sarrafawar kuwa tana hannun wasu. Haka lamarin yake har yau. Ana haƙo shuɗin yakutu a kudancin jihar Kaduna da tsaunin Mambila, ana haƙo wasu duwatsu masu daraja a jihohin Nasarawa da Filato, amma akasarinsu ɗanye ake fitar da su zuwa ƙetare, waɗanda suka tsattsage kuma a sayar da su a wulaƙance ko a watsar.

3.0 Taurin Dutse da Ma'anar Gogewa

A shekarar 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Ƙa'idarsa ita ce na sama yana ƙarce na ƙasa. Daimon ne na 10, yakutu na 9, kwaz kuma, wanda dangin ƙanƙarar ƙyastu ne, shi ne na 7. Aƙiƙ da jasfa, waɗanda masu sha'awa suka fi yankawa, suna tsakanin 6.5 da 7. Gilashi da bakin wuƙa suna wajen 5.5, dutsen mabul kuwa 3. Saboda haka magagarin maƙeri ba ya cin aƙiƙ, sai an nemi abin da ya fi shi tauri. Abin da aka fi amfani da shi shi ne garin silikon kabayid, wanda Edward Acheson ya haɗa a Amurka a 1891, taurinsa kuma ya haura 9.

Gogewa ita ce musanya babban ƙarce da ƙarami, sannan a musanya ƙaramin da wanda ya fi shi ƙanƙanta, har a kai inda ido ba ya iya gani. Garin gurza yana da lambobi, asalinsu kuma yawan ramukan da ke cikin inci ɗaya na rariyar da aka tankaɗe shi. Lamba 80 tsaki ce, lamba 600 kuwa laushinta kamar na garin tuwo. Idan zurfin ƙarce ya gaza tsawon zangon haske, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sai haske ya daina warwatsuwa, ya dawo wa ido a tare. Wannan dawowar ita ce sheƙi.

4.0 Ire-iren Tsaga da Hanyoyin Gano Ta

Za a iya kasa tsagar falle gida huɗu. Akwai warkakkiyar tsaga, wadda ta auku tun dutsen yana cikin ƙasa, daga baya ruwa mai ɗauke da silika ya cike ta ya daskare. Ana ganin layinta amma ba ta da rauni, sau da yawa ma ita ce adon dutsen. Akwai buɗaɗɗiyar tsaga, wadda iska ce kawai a cikinta. Yawanci nakiya ko gudumar mahaƙa ko sauyin zafi da sanyi ne suke haddasa ta. Akwai kogo, wato ƙananan ramukan da suka rage lokacin da dutsen yake ginuwa. Sai kuma tsattsagewar fuska, wadda zafin zarto ko na gogewa yake jawowa.

Hanyoyin bambance su ba sa buƙatar na'ura. Hanya ta farko ita ce a jiƙa falle da ruwa a bar shi ya bushe. Lafiyayyen wuri yana bushewa da wuri, buɗaɗɗiyar tsaga kuwa tana riƙe danshi, sai a ga baƙin layi ya rage. Ta biyu ita ce a bi layin da farce. In farce ya maƙale, a buɗe take. Ta uku ita ce a haska tocila ta bayan falle, in mai barin haske ya ratsa ne. Ta huɗu ita ce wadda duk mai sayen tukunya ya sani: a riƙe falle da yatsu biyu a ƙwanƙwasa shi. Lafiyayye yana amo garau, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take. Duk tsagar da aka gano sai a bi ta da fensir a fuska biyun, domin sau da yawa takan ratsa fallen a karkace, ta ɓullo a wani wuri daban ta baya.

4.1 Illar Tsaga ga Aiki

Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin da yake fara shiga tsagar falle shi ne man da ake sanyaya zarto da shi, wanda daga baya yake hana kowane irin danƙo kamawa. Na biyu shi ne tsakin gurza. Ƙwayar lamba 80 takan maƙale a cikin tsaga, ta tsallake wanki, sai an kai matakin laushi ta faɗo ta ja dogon ƙarce a fuskar da aka yi kwanaki ana gyarawa, dole a koma baya. Na uku shi ne ɓantarewar gefen tsaga, domin ɓarɓashin da ya ɓalle shi ma ƙarce yake yi. Na huɗu shi ne garin sheƙi, wanda yake cusuwa ciki ya bar fari ko jan layi mai wuyar fita. Na biyar shi ne zafi da nauyin hannu, waɗanda suke tura tsaga gaba har falle ya rabu.

Akwai kuma wani al'amari da sabon shiga ba ya zato. Dusasshiyar fuska tana rufa wa tsaga asiri. Da zarar fuskar ta yi sheƙi, ido yana iya leƙa cikin dutsen, sai tsagar ta fito fili fiye da da. Dalili shi ne haske yana tafiya a cikin iska da sauri fiye da yadda yake tafiya a cikin dutse. Ma'aunin karyewar haske na iska 1.0 ne, na kwaz kuwa kimanin 1.54. Duk inda dutse da iska suka yi iyaka sai wani kaso na haske ya dawo, tsagar ta riƙa walƙiya kamar madubi a cikin dutsen.

5.0 Hanyoyi Huɗu na Magance Tsaga

5.1 Rabawa

Idan tsaga ta ratsa falle daga gefe zuwa gefe, mafi aminci shi ne a raba shi a kanta, ko dai da zarto ko da ɗan matsi na hannu, a sami ƙananan gutsattsari lafiyayyu. Masu yin idon zobe da abin wuya sun fi bin wannan hanya, domin abin da za a riƙa sakawa kullum yana shan karo, kuma ba a so ya fashe a hannun mai saye.

5.2 Cikewa

Idan zanen dutsen yana da kyan da bai kamata a yanka shi ba, sai a cike tsagar da danƙon roba mai ruwa-ruwa. Matakan su ne kamar haka. A fara fitar da man zarto ta hanyar jiƙa falle cikin ruwan sabulu mai ɗumi, sannan cikin asiton, ana sauyawa har ya daina fitar da maiƙo. A busar da shi sarai. A ɗumama shi kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda hannu zai iya taɓawa, domin ɗumi yana faɗaɗa iskar da ke cikin tsaga ya kore wani sashe nata, yana kuma tsinka danƙon. A zuba danƙon a kan layin, a bar fallen ya huce a hankali, domin yayin hucewa ne tsagar take zuƙar danƙon. Masu hali sukan yi amfani da tukunyar zuƙe iska domin ya kai can ciki. Daga nan a ajiye shi har ya daskare.

Danƙon ya kasu iri-iri. Supa gulu mai ruwa yana shiga siririyar tsaga da sauri, amma yana da gautsi kuma ba ya jure zafi. Ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu kafin ya kama, ya fi ƙarko. Cikin ire-irensa akwai Hxtal NYL-1, wanda masu gyaran kayan gilashi a gidajen tarihi suke amfani da shi saboda ba ya saurin komawa rawaya, sai dai yana ɗaukar kimanin mako guda kafin ya gama daskarewa. Akwai kuma Opticon, wanda ma'aunin karyewar haskensa ya yi kusa da na kwaz, shi ya sa tsagar da aka cike da shi take kusan ɓacewa daga ido. Wannan hikima ce ta sa aka daɗe ana shafa wa zumurrudu man itacen sida.

5.3 Jingina

Siririn falle ko mai tsaga da yawa ana manna masa wani lafiyayyen falle ko gilashi ta baya, ya zama masa majingini. Da haka nauyin gurza ba zai faɗa a kan tsagar kaɗai ba.

5.4 Ƙyalewa

Warkakkiyar tsaga ba ta buƙatar komai. Haka ma fallen da za a ajiye a kan kanta domin kallo kawai ana iya barin tsagarsa yadda take, a toshe ta da sabulu ko kakin zuma kafin kowane mataki domin kada tsaki ya shiga, a wanke bayan an gama.

6.0 Matakan Gurzawa da Gogewa

Bayan an gama da tsaga, sai a koma ga fuska. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya aiki da farantin gilashi mai kauri: ya zuba garin gurza da ruwa, ya riƙa zagaya falle a kai yana sauya riƙo domin kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Masu na'ura suna amfani da faranti mai juyawa ko mai girgiza. Jerin da aka saba bi shi ne lamba 80 domin share sawun zarto da ragowar danƙo, sai 220, sai 400 ko 600, sai 1200. Domin tabbatar da an gama mataki, akan zana layukan fensir a duk fuskar, a ci gaba da gurzawa har su ɓace baki ɗaya, sannan a busar a duba a ƙarƙashin haske. Busasshiyar fuska ce take nuna gaskiya, domin ruwa yana ɓoye ƙarce.

Tsakanin kowane mataki da na gaba wajibi ne a wanke falle da faranti da hannuwa, a bi layin tsaga da buroshin haƙori. Mataki na ƙarshe shi ne garin sheƙi. Ga aƙiƙ da jasfa an fi amfani da seriyam okzayid a kan fata ko matsattsen ulu mai ɗan danshi. A nan ake buƙatar sassauta hannu saboda dalilai biyu. Na farko, zafi yana tausasa danƙo har ya fizge shi daga tsaga. Na biyu, danƙo bai kai dutse tauri ba, don haka yana saurin cinyewa, ya bar kwari a kan layin. Gogewa a kan abu mai ɗan tauri, da tsayawa lokaci-lokaci domin falle ya huce, suna rage wannan illa.

7.0 Amana da Lafiya

Cike tsaga yana ƙara wa dutse kyau da ƙarko, amma ba ya mayar da shi lafiyayye. Danƙo yana iya sauya launi da tsufa, kuma zafi ko sinadarin wanki yana iya lalata shi. Saboda haka ƙa'idojin hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana irin wannan gyara idan yana shafar daraja ko ƙarkon dutse. Wannan ya dace da abin da Bahaushe ya sani a fiƙihun Malikiyya, cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da damar mayar da ita idan aibin ya bayyana. Ɗan gyartai ba ya ɓoye ɗinkin da ya yi wa ƙwarya, kuma kowa ya san kuɗin ɗinkakkiya daban ne da na sabuwa.

Ta fuskar lafiya kuwa, ƙurar aƙiƙ silika ce, shaƙarta kuma tana jawo ciwon huhu da ba ya warkewa. Cutar ta yi ɓarna sosai a cikin masu gurza aƙiƙ a bushe a Kambat. Don haka ba a yanka ko gurza dutse sai da ruwa ko mai, a kuma kwashe laka tun tana da danshi. Asiton yana kama wuta da sauri, ifoksi kuma yana sa wasu ƙaiƙayin fata, saboda haka a yi aiki a wuri mai iska, da safar hannu, nesa da murhu.

8.0 Kalmomin Fannin a Hausa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa kalmomin aro da aka buƙata ba su wuce sunayen sinadarai da na wasu ma'adinai ba. Ayyukan kansu duk Hausa tana da sunayensu. Daga maƙera an sami wasawa da gurzawa da dutsen washi. Daga magina tukwane an sami ƙwanƙwasawa da amo, da kuma goge tukunya da ɗan dutse mai sulɓi kafin gashi. Daga mabuga, irin na Kura da suke bugun baƙin rawani har ya ɗauki ido, an sami sheƙi. Daga masu surfe da niƙa an sami tsaki da gari da rariya, waɗanda suka bayyana lambobin garin gurza fiye da kowace fassara.

Abin da ya rage shi ne a keɓe wa kowace kalma ma'ana guda. Maƙalar tana ba da shawarar a yi amfani da tsaga ga layin da bai raba dutse ba, darewa ga rabuwa gida biyu, ɓantarewa ga ɓallewar gefe, fashewa kuma ga wargajewa. A keɓe gurzawa ga matakan tsaki, gogewa ga matakin ƙarshe. A bambance sulɓi, wanda hannu yake ji, da sheƙi, wanda ido yake gani, domin falle yakan yi sulɓi tun a lamba 600 alhali bai yi sheƙi ba. Haka kuma akwai buƙatar warware ruɗanin kalmar lu'ulu'u. Asalinta a Larabci ƙwayar da ake samu a cikin kawar teku ce, amma kafofin yaɗa labarai suna kiran daimon da ita. A rubutun kimiyya ya kamata a raba su, domin ɗaya yana mataki na 10 a ma'aunin Mohs, ɗayan kuwa wuƙa ma tana ƙarce shi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa goge tsagaggen falle aiki ne da ake fara shi da bincike. Sai an gano irin tsagar, an zaɓi rabawa ko cikewa ko jingina ko ƙyalewa, sannan a ɗauki garin gurza. Wanda ya tsallake wannan mataki zai gamu da tsagar a ƙarshe, lokacin da sheƙi ya fito da ita fili. An kuma ga cewa kayan fara wannan aiki ba su fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba, kuma yankunan da ake jin Hausa suna da duwatsun da ake watsarwa saboda tsaga. Ana ba da shawarar masu nazarin al'ada su tattara kalmomin dillalan duwatsu na Jos da na tsofaffin masu sayar da tsakiya a kasuwar Kurmi ta Kano tun masu su suna raye, sannan sassan Hausa su haɗa kai da sassan nazarin ƙasa da ma'adinai domin samar da ƙaramin littafin koyarwa da ƙamus na wannan fanni.